Yadda ake tsara tafiyar keke a hanyoyin tsakuwa na ƙasar duwatsu masu aman wuta

Ƙasar da dutse ya taɓa yin aman wuta a cikinta tana da wani irin kyau da mai keke ba ya mantawa: tuddai masu kama da kwarya da aka kife, tafkuna zagaye a cikin tsofaffin ramuka, kurmi mai duhu da ya tsiro a kan narkakken dutsen da ya daskare. In kuma aka yi dace da hanyar da babu mota, sai dai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, to dai an gama. Amma irin wannan ƙasa ba a shigar mata da ka. Wanda ya tsara tafiyarsa da yawan kilomita kaɗai, ya manta da hawa da irin ƙasar da zai taka, shi ne ke dawowa da dare yana tura keke.

Abu na farko shi ne zaɓen yanki da kuma irin hanyar da ta dace da ƙarfinka. Ga wanda bai saba ba, ina ganin babu abin da ya kai tsohon layin dogo da aka cire ƙarafunansa aka mai da shi hanyar keke. Dalili kuwa, jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri, don haka waɗanda suka shimfiɗa layin sun riga sun yi maka aikin: sun fasa dutse, sun gina gadoji, sun sa hawan ya zama a hankali. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya akwai irin wannan hanya daga Olot zuwa Girona, kusan kilomita 57, mafi yawanta ƙasa ce da aka daddaɓe. Tana farawa ne daga Garrotxa, inda ake da tsofaffin duwatsun aman wuta kimanin 40, kuma wanda ya taso daga Olot gangara ce ta fi yawa a gabansa. A Jamus akwai wadda ta tashi daga Daun a yankin Eifel ta gangara zuwa kogin Mosel, kusan kilomita 58, sai kuma ta yankin Vogelsberg mai sama da kilomita 90. Waɗannan biyun galibi kwalta ce, saboda haka masu son tsakuwa suna ɗaukarsu a matsayin kashin bayan tafiya, su riƙa ratsewa zuwa hanyoyin daji su dawo. A Faransa kuwa, jerin duwatsun Chaîne des Puys da ke kusa da Clermont-Ferrand, kimanin 80, waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2018, sun fi dacewa da wanda ƙafarsa ta riga ta yi ƙwari.

Bayan ka tsai da yanki, sai ka zauna da taswira, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata lokaci sosai. Manhajoji irin su Komoot da Ride with GPS suna ɗebo bayanansu ne daga OpenStreetMap, wata buɗaɗɗiyar taswira ta intanet, inda aka kasa hanyoyin gona da na daji zuwa mataki 5. Mataki na 1 hanya ce mai ƙarfi sumul. Na 2 tsakuwa ce da ta kwanta, ita ce abin nema. Na 3 gauraye ne, ana iya binsa in ba a yi ruwa ba. Na 4 da na 5 kuwa ciyawa ce da laka da yashi, ka guje su sai in kana son tura keke. Ja layinka ta mataki na 1 zuwa na 3, sannan ka bi shi da ido daga farko har ƙarshe a hoton tauraron ɗan adam, domin manhaja takan ɗora mutum a kan babban titi na ɗan lokaci ba tare da ya lura ba, don kawai ta haɗa hanyoyi biyu.

Daga nan ka dubi jimillar hawan, ba tsawon tafiyar ba. Tuddan wannan irin ƙasa ba su cika tsayi ba, amma suna da yawa, kuma gefensu a miƙe yake. Ka hau mita 150, ka gangara, ka sake hawa, haka har yamma. Kilomita 50 da hawan mita 1000 a kan tsakuwa aikin yini ne ga matsakaicin mahayi, alhali kilomita 50 a tsohon layin dogo ana iya gamawa kafin rana ta take. Ni dai shawarata, a tafiyar farko ka rage kashi ɗaya cikin uku na nisan da ka saba yi a kwalta. Ka kuma sa hawa mafi wuya a farkon yini, ka nemi wuri ɗaya ko biyu a tsakiya inda za ka iya yanke hanya ka koma in jiki ya ƙi. In ka gama, sauke taswirar a wayarka yadda za ta buɗe ko babu intanet, don a cikin kwari da kurmi sabis yakan ɗauke.

Kada ka tsallake batun doka. Ba kowace hanyar daji aka yarda a bi da keke ba. A wasu wurare manyan hanyoyin daji kaɗai aka halatta, siraran hanyoyin ƙafa kuma an hana, musamman a gandun da ake karewa. Ko dutsen Puy de Dôme na Faransa mai tsayin mita 1465, wanda gasar tseren keke ta Tour de France ta sake hawa a 2023, hanyarsa ta zuwa ƙololuwa a rufe take ga masu keke a yawancin lokaci. Duba shafin hukumar da ke kula da gandun kafin ka fita, in kuma ka tarar da allon hani a hanya, ka juya.

Yanzu sai keken. Ƙasar aman wuta iri biyu take zuwa wa taya. Akwai baƙin dutse mai nauyi da ake farfasawa a zuba a hanyoyin daji, bakinsa da kaifi, yana yanka gefen taya. Akwai kuma jan ko baƙin tsakuwa mai ramuka-ramuka marar nauyi, wadda ke gangarewa a ƙarƙashin taya kamar an zuba ƙwallaye, musamman a kwana. Maganin duka biyun taya ce mai faɗi, milimita 40 zuwa 45, mai ƙarfin gefe, in da hali marar tiyub, wadda ake zuba wa ruwan da ke toshe huda da kansa. Kada ka cika mata iska har ta yi tauri. Ga mai matsakaicin nauyi, tsakanin bar 2 da 3 a ma'aunin iskar famfo ya isa, ta gaba kuma ta ɗan fi ta baya laushi. Taya mai tauri tsalle take yi a kan tsakuwa, ba ta kama ƙasa, ga gajiyar da take jawo wa hannu da baya. Giya kuma ka tabbatar kana da mai sauƙin da zagaye ɗaya na feda zai ba da zagaye ɗaya na taya ko ƙasa da haka. Birki ka duba shi tun a gida.

Kayan da za ka ɗauka ba su da yawa: tiyub ko da tayarka ba ta amfani da shi, famfo, faci, ƙaramin kayan kwance-kwance, mahaɗin kaca, hular kwano a kai, da rigar ruwa marar nauyi, domin iska takan ƙara sanyi da kusan digiri 6 a kowane hawan mita 1000, gangara kuma da jiƙaƙƙiyar riga tana sa mutum rawar ɗari. Fitila ma dole ce, saboda tsofaffin layukan dogo suna ratsa ramuka a ƙarƙashin dutse, wani ya haura rabin kilomita. Ruwan sha ka ɗauki fiye da yadda kake zato. Irin wannan ƙasa tana shanye ruwan sama nan da nan, sai ka yi tafiya mai nisa a kan tudu ba ka ga ƙorama ba.

A kan hanya, hawa a zaune ake yinsa. Da ka miƙe tsaye a kan feda, nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza tana watsa tsakuwa. Sauya giya tun kafin tudun ya kama ka, ka ɗan sunkuya gaba, ka riƙa tuƙi a natse. A gangara kuwa ka ja jikinka baya kaɗan, ka sassauta hannu, idonka can gaba inda kake son zuwa. Rage gudu tun kana kan miƙaƙƙiyar hanya kafin ka shiga kwana. Wanda ya damƙe birkin gaba a tsakiyar kwana a kan sakakkiyar tsakuwa, ƙasa zai sha. A cikin kurmi ka yi hattara da saiwoyi da jiƙaƙƙen ganye, waɗanda ke riƙe santsi kwana da kwanaki bayan fili ya bushe.

Cewa hanya ba ta da mota ba ya nufin kai kaɗai ne a kanta. Manyan motocin ɗaukar katako da taraktoci suna bin hanyoyin daji, kuma direba bai sa ran ganin keke a bayan kwana ba. Akwai masu tafiya a ƙafa, da masu doki, da yara. Rage gudu, ka yi magana ko ka kaɗa ƙararrawa tun daga nesa. Inda ake sare itatuwa ko ake farauta aka tare hanya, kada ka kutsa. Kafin ka fita ka gaya wa wani inda za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar neman agaji ita ce 112.

In ka dawo, duba jikinka ko kaska ta maƙale, musamman bayan gwiwa da kugu. Sannan ka wanke keken a ranar, kada ka bari sai gobe. Ƙurar dutsen aman wuta tana da kaushi, in ta haɗu da man kaca sai ta riƙa cin ƙarfe. Goge kacar da tsumma har ta fita fes, ka ɗiga mata sabon mai, ka juya kowace taya a hankali kana neman yanka a gefenta.