Yadda na gyara lissafin masu tambaya da masu saye

Wata uku ina ganin kason masu tambaya da ke zama masu saye yana ta sauka, alhali ciniki bai ragu ba. Na zargi talla, na sauya hoto da rubutu, shiru. Na koma zargin jinkirin amsa saƙo, nan ma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Ashe mutum ɗaya nake ƙirgawa sau uku: ya cike fom, ya turo saƙo ta WhatsApp, ya kuma kira. Lambar wayarsa ce ke sauya kama, wani lokaci da lambar ƙasa, wani lokaci da sifili a gaba ko tazara a tsakiya.

A Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi da nake ajiye sunayen masu tambaya, lambobin wayar suna jerin B. A jerin C na rubuta =RIGHT(SUBSTITUTE(B2," ",""),9) don a cire tazara a bar lambobi 9 na ƙarshe, na ja wannan tsarin lissafin ƙasa har layin sunan ƙarshe. Sai =COUNTUNIQUE(C2:C) ya ba ni ainihin yawan mutane. Na raba masu saye da wannan adadin, na ninka da 100.

Kowane ciniki kuma na mayar da shi watan da mutumin ya fara tambaya, don wasu sai sun yi makonni suna shawara. Alhamdulillah, lissafi ya daidaita.