Yadda Ake Kai Aikin Tace Bidiyo Tsakanin Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwa

Fayil ɗin aiki na manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro, mai ƙarewa da .prproj, babu bidiyo a cikinsa. Bayani ne kawai na inda kowane hoto yake da wurin da aka yanke shi. In ka tura shi shi kaɗai, abokin aikinka zai buɗe ya tarar da jan allo an rubuta Media Offline.

Da farko ku daidaita sigar manhaja, domin nan ne yawancin rigimar take. Sabuwar Premiere tana buɗe aikin tsohuwa, amma tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa, haka ma DaVinci Resolve, wata manhajar tace bidiyo. Mafi sauƙi shi ne a sa tsohuwar sigar a duka kwamfutocin tun kafin a fara. In kuwa an riga an yi nisa a sabuwar sigar Premiere, shiga File, sai Export, ka zaɓi Final Cut Pro XML, sannan ka shigar da shi a tsohuwa. Yanke-yanken za su taho daidai, amma gyaran kala da rubuce-rubucen kan allo sau da yawa a hanya suke zubewa. Sai an sake su da hannu.

Sai tattara kaya. A Premiere, buɗe Project Manager ka zaɓi Collect Files and Copy to New Location, zai haɗa maka komai a folda ɗaya. A Resolve kuma Export Project Archive ne ke wannan aikin. Kada ka sauya sunan ko da fayil ɗaya bayan haka.

Diskin da za ka ɗauko aikin a kai ya kasance an tsara shi (format) da tsarin exFAT, wanda Windows da Mac duk suke karantawa su kuma rubuta a kai. Tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura 4GB, bidiyon biki guda kuwa ya isa ya wuce haka.

Tsohuwar kwamfuta tana shan wuya da bidiyo mai nauyi na 4K, musamman mai tsarin matsewa na H.265 da wayoyin zamani ke ɗauka. Yi mata Proxy, wato ƙananan kwafi masu sauƙin ja, a sabuwar tun kafin ka kwashe. A tace da su a tsohuwa, a dawo sabuwa a fitar da fim ɗin.

Salon haruffan da ka yi rubutu da su ba sa bin foldar, sai ka kwafe su daban ka girka a ɗaya kwamfutar. In babu su manhajar za ta musanya da wani, kuma ba kowane salo ne ke da ɓ, ɗ da ƙ ba.