Yadda Ake Gano Sunan Kimiyya na Itace, Daga Misalin Rimi

Duk wanda ya tashi a birnin Zariya yana gane rimi tun daga nesa, amma idan ɗalibi zai yi wa masanin wata ƙasa bayani a kansa, kalmar rimi ba za ta wadatar ba, domin kowace al'umma da sunan da take kiransa. Shi ya sa masana ilimin halittu suke bin tsarin da Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya daidaita wa tsirrai a 1753, wanda ya ba kowane nau'i suna mai kalmomi biyu na Latin.

Da farko a yanko reshe mai ganye da fure, a haɗa da 'ya'yan idan akwai. A ganina wannan ne matakin da bai kamata a yi wa riƙon sakainar kashi ba, saboda ganye kaɗai yana ruɗar mutum. Ganyen rimi da na kuka duka a rarrabe suke kamar yatsun hannu, amma furen kuka babba ne fari, yana reto shi kaɗai, na rimi kuwa ƙanana ne a cunkushe, kuma kwansonsa yana fashewa ya saki auduga. A rubuta wurin da aka samo reshen da kwanan wata, sannan a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da katako, ana sauya jaridun har ya bushe.

Daga nan sai a kai shi ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, a kwatanta da waɗanda aka riga aka tantance. Ana gangarowa ne daga babban rukuni zuwa ƙarami: masarautar tsirrai, sai masu fure, har a iso dangin Malvaceae, inda rimi ya haɗu da kuka da auduga da rama da kuɓewa. Wanda ya san yauƙin miyar kuka da na kuɓewa ba zai yi mamakin wannan zumunci ba.

Matakin ƙarshe shi ne rubuta sunan. Kalmar farko ta jinsi ce, wato ƙaramin rukunin da ke ƙarƙashin dangi, da babban baƙi take farawa, ta biyun kuma, wadda ke bambanta nau'in, da ƙarami: sunan rimi shi ne Ceiba pentandra. Kuka kuwa Adansonia digitata ce, an karrama Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Sanagal, digitata kuma tana nufin mai yatsu. A kwamfuta ana karkata haruffan sunan, idan kuma da biro ne, sai a ja wa kowace kalma layi a ƙarƙashinta daban.