Kula da Akwatin Layi na Bakin Titi da Rajistarsa

Wayar tagulla ta zamanin NITEL ta ba wa faiba (zaren gilashi mai ɗaukar sigina ta haske) wuri a Sakkwato, amma matsalar ba ta canza ba: igiyar mutum tana rami na 5 (wurin soka igiya a cikin akwati), rajista ta ce na 7. Ran da aka zo yanke wanda bai biya ba, layin maƙwabcinsa ne zai mutu.

Da ka buɗe akwati, ɗauki hotonsa kafin ka taɓa komai, ka gwada da rajista. Inda suka saɓa, kada ka yi ƙiyasi, kada kuma ka cire igiyar da ke aiki don ka ga wa zai kira. Tsarin launukan zaren faiba 12 da aka fi amfani da shi shi ne: shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, ruwan toka, fari, ja, baƙi, rawaya, shunayya, ruwan hoda, ruwan bula. Zaren da babu sigina a kansa, saka masa biron jan haske, abokin aikinka ya ga inda jan hasken ya fito a ɗaya bakin.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabarmu. Cibiyar zaren ba ta wuce maikiron 9 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙwayar ƙura ɗaya tana iya tare ta. Goge kan igiya da kyalle marar gashi da ɗigon alkohol, ka busar, sannan ka soka. Ramin da ba kowa, mayar masa da hularsa. Koren kai da kore, shuɗi da shuɗi. Kore a karkace yake da digiri 8, in ka haɗa shi da shuɗi haske zai zube, kawunan su lalace. Kada ka leƙa bakin zare da ido, haskensa ba ya ganuwa amma yana lahani.

Auna ƙarfin haske da mita. Mai raba haske gida 8 yana cin kusan dB 10 (dB shi ne ma'aunin raguwar haske). In abin da ke isa gida ya kusa dBm -27 a mita, hasken ya yi rauni: nemi datti ko lanƙwasa mai tsanani, musamman inda aka matse igiya da maɗauri.

Zafin Afrilu yana ɓamɓare takarda mai gam, don haka yi amfani da lambar roba mai naɗewa, a bakuna biyu. Kafin damina, sauya robar ƙofa, ka toshe bakin bututu saboda ruwa da ɓera da zanzaro.

A wurin ake rubuta rajista, ba bayan an koma ofis ba: lambar akwati, rami, launin zare, lambar layi, awon mita, kwanan wata, sunan wanda ya yi aikin. Layin da aka yanke, cire igiyarsa, ka rubuta cewa ramin ya zama fanko. Ɗauki hoto na biyu, sannan ka kulle.