Yadda Ake Gane Shukar Ado ta Hanyar Ganyenta da Furenta

A birnin Kano yawancin shuke-shuken ado suna shiga gida ne ba tare da suna ba. Wata maƙwabciya ce za ta yanko reshe ta bayar a dasa, ko a saya a cikin baƙar leda a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, ko kuma mutum ya kama hayar gida ya tarar da tukwanen da wanda ya tashi ya bari. Idan aka tambayi sunan shukar, amsar da aka fi samu ita ce fulawa ce, wani lokaci kuma mai sayarwa ya faɗi wani suna na Turanci wanda shi ma a bakin wani ya ji shi. Rashin sanin sunan yana da illa, domin ba a san yawan ruwan da shukar take so ba, ba a san ko ta rana ce ko ta inuwa ba, kuma mafi muhimmanci ba a san ko tana da dafi ba, alhali a gidan akwai yaro mai rarrafe, akwai akuya da kaji a tsakar gida.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara neman dangin shukar kafin a nemi sunanta. Masana sun kasa tsirrai dangi-dangi bisa tsarin ganye da fure da 'ya'ya, kuma da yawa daga cikin shuke-shuken adon da aka kawo daga Kudancin Amurka da Madagaska da Asiya suna da 'yan uwa a gonakinmu da dazuzzukanmu. Wanda ya san gwaza da zoɓo da tumfafiya da cediya ya riga ya san manyan dangi huɗu na shuke-shuken da ake ajiyewa a tukunya, sai dai bai taɓa kwatanta su ba.

Kafin a fara dubawa, a fito da tukunyar wurin da hasken rana yake, a sa tsumma mai laima a goge ganyen, musamman a lokacin hunturu da ƙura take rufe komai har ta ɓoye jijiyoyi da ainihin launi. A zaɓi ganyen da ya ƙosa daga tsakiyar shukar, saboda sabon toho da tsohon ganyen ƙasa sukan bambanta da sauran. Kada a dogara da launi tun farko. Shi ne abin da ido yake fara kamawa, kuma shi ne ya fi yaudara: shuka mai ɗigo-ɗigon rawaya takan koma kore zalla idan ta daɗe a ɗaki mai duhu, zafin bazara yakan mayar da wasu ganyayyaki ja-ja, ƙarancin taki kuma yakan sa su yi fari.

Abu na farko da za a duba shi ne jijiyoyin ganye, kuma sun fi fitowa idan aka ɗaga ganyen sama hasken ya ratsa shi. Idan jijiyoyin sun tafi a jere daga gindi zuwa ƙarshe ba tare da sun sarƙe ba, irin na dawa da gero da masara, shukar tana cikin babban rukunin da sassan furensa sukan zo uku-uku ko shida-shida. Idan kuwa akwai babbar jijiya a tsakiya wadda ƙanana suka fito daga jikinta suka yi raga, irin na wake da kuɓewa, to tana cikin ɗaya rukunin, wanda sassan furensa sukan zo huɗu ko biyar. Akwai togaciya ɗaya da ya kamata a riƙe: dangin gwaza suna cikin rukunin farko, amma jijiyoyin da yawa daga cikinsu raga suke yi.

Daga nan sai a dubi yadda ganyen ya zauna a jikin kara, wanda a ganina shi ne alamar da aka fi yin sakaci da ita duk da amfaninta. A bi karan gaɓa-gaɓa a ƙirga ganye nawa ne ke fitowa a kowace gaɓa. Wasu ɗaya-ɗaya suke fitowa, wannan dama wancan hagu. Wasu biyu-biyu ne suna fuskantar juna. Wasu kuma uku ne suke kewaye gaɓa guda, kuma idan aka ga haka a shuka mai dogon ganye siriri mai tauri, da fure ruwan hoda ko fari ko ja, akwai kyakkyawan zaton Nerium oleander ce, wadda kowane sashe nata yana da dafin da ke taɓa zuciya. Idan ganyen biyu-biyu ne, aka murza karan tsakanin yatsu aka ji yana da kusurwa huɗu, a shinshina ganyen, domin wannan siffar dangin ɗoɗɗoya da na'a-na'a ce, kuma shukar adon nan mai ganye ja da kore da ake kira Coleus 'yar wannan gida ce. Akwai kuma waɗanda ba su da kara a fili, ganyensu daga ƙasa yake tashi kai tsaye ko ya kewaye gindi guda.

Wani wurin da ake ruɗewa shi ne bambanta ganye guda da reshe mai ganyaye. Abin da ake tsinka daga zogale ko tsamiya ko darbejiya, mai ƙananan ganyaye a jere, a wurin masana ganye ɗaya ne da ya rarrabu. Ana gane haka da idon toho, domin a kusurwar da ainihin ganye ya haɗu da kara ake samun ɗan idon da sabon reshe zai fito, ƙananan sassan kuwa ba su da shi.

Bayan ido sai a gwada ruwan jikin shukar, kuma a nan ake bukatar hattara. A sa leda a hannu, a tsinke ƙaramin ganye ɗaya, a kalli abin da ya fito daga wurin, ba tare da an kai shi kusa da ido ko baki ba. Farin ruwa mai kama da madara yana nuni ga ɗaya daga cikin dangi uku. Na farko dangin tumfafiya, waɗanda furensu yake da ganyen fure biyar da suka haɗe a gindi suka zama bututu, kamar Plumeria mai ƙamshi. Kariya, wadda masana suke kira Adenium obesum, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, ita ma a nan take, kodayake ruwanta sau da yawa bai kai na tumfafiya fari ba, kuma dafinsa ya kai a da ana shafa shi a kibiya a wasu sassan Afirka. Na biyu dangin aguwa da tinya, wato Euphorbia, waɗanda ruwansu yake ƙona fata, kuma yana iya yi wa ido mummunar illa. Na uku dangin ɓaure da cediya da durumi da gamji, wato Ficus, waɗanda ake gane su da ɗan kube mai tsini da ke lulluɓe sabon ganye a ƙarshen reshe, idan ya faɗi ya bar zobe a jikin karan. Shukar nan mai faffaɗan ganye mai sheƙi da ake ajiyewa a ofisoshi da bankuna, Ficus elastica, da wannan alamar ake tabbatar da ita.

Gwajin ruwan yana warware wani ruɗani da ya zama ruwan dare game da shuke-shuke masu ƙaya marasa ganye. Mutane sukan kira su duka kaktus, alhali asalin kaktus daga nahiyar Amurka yake, kuma ƙayarsa tana fitowa ne a dunƙule daga wasu ƙananan tabo masu gashi-gashi, yawancinsa kuma ba shi da farin ruwa. Idan aka soki jikin shukar da allura farin ruwa ya tsattsafo, ƙayoyin kuma biyu-biyu suke ba tare da wannan tabon ba, Euphorbia ce, 'yar uwar tinya. Haka ma Aloe da Agave suna kama da juna daga nesa, amma idan aka karya ganyen Aloe sai a ga ruwa mai yauƙi a cikinsa, na Agave kuwa zare ne mai tauri, kuma ƙarshensa yana da ƙaya mai tsananin kaifi. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga masu shafa Aloe a fata ko gashi, domin ruwan Agave yana sa ƙaiƙayi da kumburi.

Dangin gwaza sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne suka fi yawa a falo da baranda, kasancewar suna jure inuwa. Ganyensu yakan zama faffaɗa, mai siffar zuciya ko kan mashi, sabon ganye yana fitowa a nannaɗe, masu hawa bango daga cikinsu kuma suna fitar da saiwa a gaɓoɓinsu. Furensu ba ya ɓuya: wani ɗan sanda ne mai ƙananan furanni a manne, da ganye guda mai launi ko fari da ya rufe shi ta baya. Dukkansu suna ɗauke da wasu ƙananan allurai na sinadari a jikinsu, su ne suke sa ɗanyen gwaza ko wanda bai dahu ba ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Wadda ta fi tsanani ita ce Dieffenbachia, mai kauri a kara da babban ganye kore mai fari-fari a tsakiya, domin idan yaro ya tauna ta harshe da leɓe sukan kumbura har magana ta gagara. Idan haka ta faru a wanke bakin da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ya kurɓa, kada a tilasta masa yin amai, kuma da zarar an ga kumburi ko wahalar numfashi a garzaya asibiti da reshen shukar a hannu. Idan ruwan kowace irin shuka ne ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta kamar minti 15 kafin a tafi.

Fure shi ne babbar shaida idan an same shi, saboda tsarinsa ba ya canzawa da rana ko inuwa kamar yadda ganye yake yi. A ƙirga ganyen furen, a duba ko a rabe suke ko a haɗe, sannan a leƙa tsakiya. Babban fure mai ganye biyar da doguwar sanda a tsakiya, wadda garin fure ya lulluɓe jikinta, na dangin zoɓo da rama da kuɓewa da auduga ne, kuma Hibiscus ɗin da ake shukawa don ado ɗan uwan zoɓo ne na kusa. Ƙananan furanni ja ko rawaya a dunƙule, kowanne da dogon bututu da ganye huɗu, a jikin shuka mai ganye biyu-biyu, Ixora ce. Sai dai a lura cewa ba duk abin da ke da launi ne fure ba. A jikin Bougainvillea, wadda take hawa katangun gidaje da yawa a Nasarawa da Bompai, abin da ake gani ja ko shuɗi-shuɗi ko fari ganyaye ne uku masu laushin takarda, ainihin furannin kuwa 'yan ƙanana ne farare a tsakiyarsu. Haka Euphorbia milii mai ƙaya, wadda asalinta daga Madagaska ne, jajayen kunnuwa biyun da ake gani ba su ne furen ba.

Wasu shuke-shuken sai an yi haƙuri da su. Kariya takan zubar da ganye da rani ta yi fure a kan reshe tsirara, saboda haka ba lallai a ga ganye da fure a lokaci guda ba. Epipremnum aureum, mai yaɗo da ganye kore da rawaya, wadda ake sawa a kwalbar ruwa, kusan ba ta yin fure a gida ko kaɗan, da ganye da gaɓa kawai za a gane ta.

Da an kai ga dangi sai a nemi taimakon waya, kuma a wannan matakin ne manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist da Google Lens suke da amfani na gaske. A ɗauki hoton shukar gaba ɗaya, da saman ganye da bayansa, da gaɓar da ganye ya haɗu da kara, da fure ta gaba da ta gefe, a sa farar takarda a baya don kada bango ko labule ya ruɗa na'urar. Manhajar za ta jero sunaye da dama, kuma kuskure ne a ɗauki na farko a tafi da shi. A gwada kowane suna da abin da aka riga aka gani da ido: idan ta ce shukar tana da ganye ɗaya-ɗaya alhali an ƙirga biyu-biyu, ta yi kuskure komai kamar da hoton ya yi.

Sunan da ya kamata a rubuta a ajiye shi ne na kimiyya mai kalma biyu, tsarin da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa a 1753, domin sunan kasuwa ɗaya yakan hau kan shuke-shuke daban-daban. Shi ma yakan canza idan bincike ya ci gaba. Shukar nan mai doguwar ganye a tsaye mai ratsi-ratsi, 'yar uwar moda, wadda asalinta daga yankinmu na Afirka ta Yamma ne, an daɗe ana kiranta Sansevieria trifasciata, amma tun 2017 aka mayar da ita Dracaena trifasciata, don haka a bincika da sunayen biyu.

Idan duk da haka an kasa, sai a kai samfuri sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Bayero, inda ake ajiye busassun tsirrai masu suna don kwatantawa. A yanki reshe mai ganye da yawa a jikinsa, da fure ko 'ya'ya idan akwai, domin ganye guda da aka tsinko bai isa a yanke hukunci a kansa ba. A shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, a danne da abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe. A rubuta launin furen da ƙamshinsa da kalar ruwan da ya fito a wata takarda tun ranar da aka yanka, saboda duk waɗannan suna gushewa bayan bushewa. Masu kaurin ganye irin su Aloe da Euphorbia ba sa dannuwa, ruɓewa suke yi a cikin jarida, saboda haka su a kai su ɗanye a cikin kwali tare da hotunan da aka ɗauka.