Yadda za ka kama ruwan da ke zurarewa, daga gidanka har zuwa hukumar ruwa

A garin da ke cikin hamada, yawancin ruwan famfo daga ƙarƙashin ƙasa ake zuƙo shi ko kuma a janyo shi ta bututu daga nesa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri ya daɗe yana taruwa, kuma ɗan ruwan saman da ake samu a shekara ba ya mayar da abin da injuna ke ɗiba. Shi ya sa aikin farko shi ne sanin inda ruwan yake tafiya, kuma mitar ruwa ce za ta gaya maka.

Buɗe murfin mitar ka share ƙura. Mafi yawansu da kubik mita suke lissafi, kubik ɗaya lita 1,000 ke nan. Baƙaƙen lambobi su ne kubik, jajaye kuma lita. Akwai wani ɗan ƙaramin fanka ko tauraro da ke juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa. Rufe duk famfunan gida da bututun da ke cika tanki, ka rubuta lambar, ka jira awa 2 ba wanda ya taɓa ruwa. In lambar ta motsa, akwai yoyo. Sai ka rufe makunnin da ke daidai inda bututu ya shiga ginin, ka sake dubawa. In mitar ta ci gaba da juyawa, ɓarakar tana cikin ƙasa tsakanin mita da gida. In ta tsaya, matsalar tana ciki. A ƙasa mai yashi kada ka jira ganin laka a tsakar gida, domin yashi yana shanye ruwan tun bai fito fili ba. Tsiron da ya yi kore shar shi kaɗai a kan layin bututu ya fi zama shaida.

A cikin gida, fara da tankin masai, don shi ne ɓarawon da ba a jin motsinsa. Ɗiga kalar abinci a cikin tankin, ka bar shi minti 15 ba tare da ka ja ruwa ba. In kalar ta bayyana a kwanon masai, robar da ke toshe ƙasan tankin ta lalace. Ruwan rijiyar burtsatse a busassun wurare yakan zo da gishiri-gishiri mai yawa, wanda ke daskarewa fari a gefen roba ya hana ta zama daidai. Kankare wurin, in robar ta taurare ka sauya ta. Irin wannan yoyon na iya cinye ɗaruruwan lita a rana. Tsohon masai yana zubar da kusan lita 13 a ja ɗaya, sabbin kuwa lita 6 ko ƙasa da haka. Kafin ka iya sauyawa, cika gorar roba ta lita 1 da tsakuwa da ruwa, ka ajiye ta a cikin tankin nesa da sandar da ke motsi. Kada ka sa bulo, yana marmashewa ya ɓata robar.

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kusan lita 30 a rana, sama da lita 10,000 a shekara, alhali 'yar robar da ke cikin kansa ce kawai ta cinye. Shawa kuma a gwada ta da bokiti mai lita 10: in ya cika kafin minti ɗaya, a sauya kanta da mai fitar da lita 6 zuwa 8. Tankin sama ma a leƙa shi. Ƙwallon da ke tashi da ruwa ya rufe bakin bututu yakan huje ko ya maƙale, sai tanki ya yi ta ambaliya da tsakar dare, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi kuma kowa na barci. In robobi suna yawan lalacewa, a auna ƙarfin ruwan. In ya wuce bar 5.5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwa a bututu), a sa abin rage ƙarfi bayan mita.

Gidan da ke da shuke-shuke, nan ne ruwa ya fi tafiya. A yi ban ruwa da asuba, ta siririn tiyo mai ɗiga a gindin shuka, a rufe gindin da busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 8. Ruwan wanka da na ɗauraya ana iya kai su ga bishiya a ranar, kada su kwana, kuma ban da ganyen da ake ci ɗanye. Rufin kwano ma yana da amfani: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, don haka rufi mai murabba'in mita 100 a shekarar da aka samu milimita 100 zai ba da kusan lita 8,000 bayan asara. A bar zubin farko ya wanke ƙura kafin a tara.

Duk wannan tattalin ba zai kai ko'ina ba in babban bututun hukuma yana tsiyaya a bakin titi. Bincika wa ke riƙe da ruwan garinku, ko sashen ƙaramar hukuma ne, ko kwamitin da ake zaɓa, ko kamfani mai lasisi, da kuma wanda ke amincewa da farashi. Ka je zamansu da tambayoyi a rubuce. Babbar tambaya ita ce kubik nawa aka tura cikin bututu a shekara, kubik nawa aka rubuta wa takardar biya. Bambancin shi ne abin da ya tafi a yoyo, haɗin sata da matattun mitoci. In ya kai kashi ɗaya cikin uku, gyaran bututu ya kamata ya riga haƙa sabuwar rijiya. Sai ka nemi ma'aunin zurfin ruwa a kowace rijiya shekara bayan shekara. In yana ƙara nisa, gari yana cin jarinsa ne, kuma bai dace a ci gaba da ba manyan gine-gine izinin haɗi ba tare da an nuna inda ruwansu zai fito ba.

Farashi mai hawa-hawa, wanda kubik ɗin farko ke da sauƙi na gaba ke ƙara tsada, yana rage almubazzaranci. Amma yana cutar gidan da iyalai da yawa ke raba mita ɗaya, don suna saurin faɗawa matakin tsada. A nemi matakin farko ya bi yawan mutanen gida, a kan lita 50 zuwa 100 ga kowane mutum a rana, adadin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin yana biyan buƙatun yau da kullum. A kuma tambayi me ake yi da ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Birnin Windhoek na Namibiya yana tace shi ya mayar cikin ruwan sha tun 1968, hukumar ruwa ta Las Vegas a Amurka kuwa biyan mutane take yi su cire ciyawar ado.

Inda ake ba da ruwa na 'yan awanni, a matsa a hana ɗaura injin zuƙa kai tsaye a kan bututun hukuma. Yana ƙwace rabon maƙwabta, yana kuma janyo ƙazanta ta tsagogin bututu. In ka kai ƙorafin fashewar bututu, ka karɓi lambar ƙorafi, ka rubuta rana da lokaci, ka ɗauki hoto, sannan ka kai takardar wurin zaman hukumar na gaba a karanta tsawon kwanakin da gyaran ya ɗauka.