Takin molibdenam a gonar gyaɗa da wake: wuraren da ake yawan kuskurewa

A ƙasar rairayi irin ta Gumel, Babura da Dambatta, gyaɗa kan tsiro lafiya lau, bayan 'yan makonni sai ganyenta ya koɗe ya koma ruwan ɗorawa, ta tsugune ta ƙi tashi. Abin da yawancinmu ke yi shi ne a garzaya kasuwa a auno yuriya a watsa. Ganye ya yi kore, kowa ya ce an dace. To amma gyaɗa da wake ba masara ba ne. Allah Ya hore musu hanyar samun abincinsu daga iska: 'yan ƙulle-ƙullen nan da ke jikin saiwarsu gidajen wasu ƙwayoyin halitta ne masu kamo naitirojin, wato sinadarin da ke cikin yuriya, su ba shuka. Idan ka ɗura yuriya da yawa, ƙwayoyin kan rage aiki, ka tashi da ganye jingim da 'ya'ya kaɗan.

Waɗannan ƙwayoyi ba sa iya aikinsu sai da wani sinadari da ake kira molibdenam. Shi ya sa ƙarancinsa ke kama da yunwar yuriya sak, har a ruɗe. Kafin ka kashe ko sisi, tona gindi uku ko huɗu daga sassa daban-daban na gonar, da hauya, kada ka fizge don ƙulle-ƙullen kan zube. Wanke saiwar, ka fasa su da farce. Idan cikinsu ja-ja ne, suna aiki, matsalarka na wani wuri. Idan ƙanana ne, cikinsu fari fat, to a nan ne za a fara zargin molibdenam. Zargi na ce, domin rashin takin supa ma kan jawo haka.

Mutane da yawa na ɗauka sinadarin ne ya ƙare a ƙasa. Sau tari yana nan, tsamin ƙasa ne ya ƙulle shi. Sauran ƙananan sinadarai irin su zinki tsami ke sake su, shi kuwa molibdenam tsami ke kama shi. Gonar da aka shekara da shekaru ana zuba mata yuriya, ba kashin dabbobi, ba shara, ana kuma kwashe kara da harawa kakaf, sannu a hankali take tsami. Gwajin da aka yi a tashar cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore a Nijar, kan ƙasar yashi mai tsami, ya nuna gyaɗa ta ƙara kamo naitirojin da aka ba ta wannan sinadari. Maganin mai ɗorewa dai shi ne takin gargajiya, toka, da farar ƙasa ta gona idan awo ya nuna ana bukata. Malamin gona na hukumar raya noma, wato KNARDA a Kano ko JARDA a Jigawa, zai nuna maka yadda ake ɗibar ƙasa a kai gwaji.

Babban kuskure yana wajen awo. Hannunmu ya saba da buhu da tiya, alhali wannan taki da giram ake auna shi, kamar kanwa a tukunya. Idan a jikin iri za a shafa, abin da hekta guda, wato eka biyu da rabi, ke bukata bai cika wuce giram 200 ba. Irin wannan ɗan garin ba ya watsuwa da hannu ya game gona. Narka shi ake yi a ruwa kaɗan, a yayyafa wa iri, a cuɗa a hankali don kada ɓawon gyaɗa ya saluɓe, a shanya a inuwa, a shuka. Wanda ya makara zai iya feshi a ganye kafin fure, da sassafe ko da yamma, bisa awon da ke jikin leda. Idan kuma kana shafa wa iri garin nan mai ɗauke da ƙwayoyin da ke kamo naitirojin, kada ka kwaɓa shi da molibdenam ka ajiye ya kwana, gishirin molibdenam na kashe ƙwayoyin.

Wasu kuma da sun ji labarinsa sai su bar supa. Asara ke nan. Fosfaras ɗin da ke cikin supa na taimaka wa saiwa da ƙulle-ƙullenta su yi ƙarfi, kalsiyam ɗinsa kuma shi ke cika kwanso ya rage holoƙo.

Ba kowane rawayan ganye ne yunwa ba. Kuturtar gyaɗa, wadda ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa a 1975, darɓa ce ke yaɗa ta, taki ba ya warkar da ita. Haka wuta-wutar wake: duba gindin, in ka ga ta fito, iri mai jure mata za ka nema baɗi.

Masu kiwo ku lura da kyau. Idan aka zarce awo, shuka ba ta cika nuna alama ba, sai ta tara sinadarin a ganye. Rago ko saniyar da ta daɗe tana cin irin wannan harawa kan kasa amfana da sinadarin tagulla a jikinta, ta kama zawo, ta rame, gashinta ya koɗe. Mai turke ragunan Sallah ba zai taɓa kawo harawarsa a rai ba, maganin tsutsa zai yi ta saye. Don haka in ledar ta ce cokali ɗaya, kada maƙwabci ya zuga ka ka ƙara na biyu.